Yadda Muka Sauke Bashin Katuna Uku Daga Wuyanmu

Akwai lokacin da ni da maigidana muke biyan katunan bashi uku kowane wata, ba mu taɓa tsallake wa'adi ba, ba a taɓa cin mu tara ba, amma in muka duba jimillar abin da ake bin mu sai mu ga tana nan inda take. Asalin bashin ba wani abin mamaki ba ne. Aikin maigida ya tsaya na wasu watanni, a tsakanin nan kuma mahaifiyarsa ta kwanta asibiti. Albashina shi kaɗai bai iya ɗaukar haya da cefane da magani, sai kati ya ɗauki ragowar. Da Allah Ya kawo wani aikin, mun ɗauka bashin zai riƙa zaizayewa da kansa. Aiki ya dawo, Inna ta samu lafiya, bashi kuwa ya miƙe ƙafa ya zauna.

Ga wanda katin cirar kuɗi kawai ya sani, akwai bambanci babba. Da katin cirar kuɗi, abin da ke asusunka kake kashewa. Da katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, a ƙarshen wata a aiko maka da takardar lissafi. In ka biya duka kafin ranar wa'adi, yawanci ba a ɗora maka ko sisi na ruwa a kan sayayyar. In ka biya wani abu ka bar saura, sauran zai haura wata mai zuwa da ruwa a kansa. Ba haka katunan suka fara ba ma. Katin Diners Club da ya fito a Amurka a 1950, dole ne mai shi ya biya duka duk wata. A 1958 ne Bank of America ya fitar da katin da ya ba mutane damar barin saura, wanda daga baya ya koma Visa. Wannan damar ta barin saura ita ce ribar bankin, ita ce kuma ta riƙe mu.

Abin da muka fara yi shi ne zama da takardun lissafin katunan uku bayan yara sun yi barci. Na ɗauko farar takarda na ja layi huɗu: nawa ake bin mu a kowane kati, nawa ne ruwansa a shekara, nawa ne mafi ƙarancin abin da banki ya ce a biya, sai ranar wa'adi. Layi na biyu ne ya fi ba mu wahala, domin ba a rubuta kuɗin ruwa da manyan haruffa. Yana can ƙasa, ko a shafi na biyu, kuma kati ɗaya yana iya ɗaukar ruwa iri biyu ko uku: na sayayya daban, na cire tsabar kuɗi daban. Maigida ya riƙa bin layukan da yatsa yana karanto mini, ni ina rubutawa. Da muka haɗa ruwan katunan uku na wata guda kawai, ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, “Maman yara, sake lissafawa.” Na sake. Abin da ruwa yake ci a wata ya kusa kai kuɗin cefanenmu na mako biyu.

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan lissafin shi ne ya canja mana tunani, kuma duk wanda ke da biro zai iya gwadawa. A ce ana bin mutum 10,000, ko da wane irin kuɗi ne, ruwan katin kuma kashi 24 cikin 100 ne a shekara. Wato kusan kashi 2 cikin 100 a wata ke nan, 200 a watan farko. Bankuna da yawa suna ƙayyade mafi ƙarancin biya ne da ruwan watan haɗe da kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗin. Ka ga 200 da 100, an samu 300. Mutum ya fitar da 300 yana jin ya yi ƙoƙari, alhali 100 ne kawai ya ragu daga bashinsa. Wata mai zuwa bashin ya koma 9,900, sai mafi ƙarancin biyan ma ya ɗan sauka, ya ci gaba da sauka a hankali yana bin bashin. Wanda ya riƙa bin wannan adadin yana sauka tare da shi, zai shafe wata 69, kusan shekara shida, kafin rabin bashin ya tafi. Rabi fa, ba duka ba.

To amma in mutumin ya tsaya a kan 300 ɗin nan bai sauka ba, ko banki ya ce 280 ya isa shi ya ce a'a, bashin gaba ɗaya zai ƙare cikin wata 56, ruwan da zai biya ya haura 6,600. In ya iya kai biyan 500, wata 26 ne, ruwan kuma wajen 2,900. Ƙarin 200 a wata ya rage masa shekara biyu da rabi na wahala da fiye da rabin ruwan. Ba don komai ba sai don duk abin da ya ɗoru a kan ruwan watan, kai tsaye uwar kuɗi yake sara.

Wasu ƙasashen sun gane wannan tarkon har sun sa doka. A Amurka, dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta wa bankuna su rubuta a takardar lissafi tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙaranci kawai yake biya, da kuma nawa zai riƙa biya in yana son gamawa cikin wata 36. A Birtaniya, tun 2018 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ce in mutum ya yi wata 18 abin da ya biya na ruwa da caji ya fi abin da ya biya na uwar kuɗi, dole kamfanin katin ya tuntuɓe shi. Inda babu irin wannan doka, mutum shi zai yi wa kansa lissafin.

Shawararmu ta farko ke nan: mu yanke adadi ɗaya da za mu riƙa ba katunan uku a haɗe duk wata, kada ya sauka ko da bashin ya sauka. Sai dai yanke adadi abu ne mai sauƙi a baki. Daga ina zai fito?

Nan kasafi ya shigo. Mun ɗauko bayanan asusunmu na watannin baya muka bi su layi-layi, muna rarraba kowane kashe kuɗi gida-gida. Na shiga aikin ina tsammanin zan kama ƙananan almubazzaranci masu yawa, irin waɗanda masu ba da shawara suke son yin wa'azi a kansu. Akwai su, ban musa ba: rajistar wasu manhajoji biyu da ake cirar mana kuɗi duk wata ba mai buɗe su, da tsarin waya mai tsada da ya fi ƙarfin buƙatarmu. Mun soke su a daren. Amma duk an haɗa ba su kai abin da zai motsa bashin ba. Abin da ya fito fili shi ne wani abu daban. Kusan kowane wata akwai wata hidima da muke kira “ta bazata”, kuma ita ce take komawa kan kati. Wannan wata tayar mota, wancan kuɗin makaranta, na gaba sabunta inshora, sai haƙorin yaro, sai firji ya tsaya, sai taimakon ɗan uwa. Da na jera su a shafi ɗaya na ga babu bazata a cikinsu. Kuɗin makaranta yana da lokacinsa, inshora tana da watanta, taya kuwa tun ranar da aka sa ta aka san za ta cinye. Ranar ce kawai ba a sani ba. Muna biyan kati a farkon wata, hidima ta mayar da abin da muka biya kafin ƙarshensa. Ɗiban ruwa da kwando ke nan.

A ganina nan ne kasafin mutane da yawa yake karyewa. Ana tsara shi ne a kan wata mai lafiya, watan da babu abin da ya lalace, babu wanda ya yi ciwo, alhali irin wannan watan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya a shekara ba. Don haka muka haɗa duk hidimomin nan na shekara guda, muka raba gida goma sha biyu, muka mai da kason wata ɗaya ya zama layi a kasafi kamar haya. Muka buɗe masa asusu daban wanda ba shi da kati. Wannan ya rage abin da za mu iya ba bashi, kuma da farko ya yi mini ciwo, domin ina ganin kuɗi a ajiye alhali ruwa yana ci a can. A lissafin takarda, wanda ya ce a zuba komai a kan bashi yana da hujja. Amma gida ba takarda ba ne. Kuɗin da ka biya kati yau ka sake ciyowa jibi, ba ka biya komai ba, ka dai ƙara wa kanka karayar zuciya.

Akwai wani sanannen tsari da ake cewa a raba kuɗin shiga kashi 50 na larura, 30 na sha'awa, 20 na ajiya da biyan bashi. Mun auna shi da halinmu bai shige mu ba, larurarmu ita kaɗai ta wuce rabi nesa ba kusa ba. Wanda ya yi mana shi ne mu ba kowane kuɗi aikinsa tun kafin wata ya kama, har sai abin da ya rage ya zama sifili a takarda. Kuma jerin yana da muhimmanci. Ranar da albashi ya shiga, haya da wuta da ruwan sha su fita, kason hidimomin shekara ya fita, kuɗin katuna ya fita, sannan a rayu da abin da ya saura. A da muna jira ne mu ga abin da zai rage a ƙarshen wata mu ba kati, kuma kowa ya san babu abin da yake ragewa. Biya da wuri yana da wata ƙaramar riba ma: yawancin katuna kullum suke lissafa ruwa a kan abin da ake bin ka a ranar. A misalin 10,000 ɗin nan, kusan 6 da rabi ne kowace rana. Wanda ya biya ranar albashi ya fi wanda ya jira ranar wa'adi, ko da adadinsu ɗaya.

Sai batun daina amfani da katunan. Wannan ba zaɓi ba ne, saboda wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: da zarar ka bar saura a kati, rangwamen nan na kwanakin da babu ruwa yakan faɗi. Duk sabon abin da ka saya, tun daga ranar ruwa yake fara hawa kansa. Cire tsabar kuɗi da katin bashi ya fi muni, domin akwai caji nan take, ruwansa yawanci ya fi tsada, kuma ba shi da kwanakin rangwame ko da ba a bin ka komai. Mun sa katunan a ambulan muka ajiye can ƙasan akwati, muka kuma goge lambobinsu daga wayoyinmu da shagunan intanet, wanda a gaskiya ya fi ɓoye katin kansa amfani. Kuɗin cefane da na zirga-zirga muka koma riƙe su tsaba, mako-mako, kowane mako da ambulansa. Wasu masana biyu a jami'ar MIT da ke Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001 inda aka yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando, waɗanda aka ce za su biya da kati suka taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsaba suka taya. Ban yi mamaki ba. Ranar Alhamis in na buɗe ambulan na ga takardun kuɗi biyu sun rage, ba na buƙatar kowa ya yi mini nasiha.

Inda muka yi saɓani da maigida shi ne wane kati za a fara kashewa. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a ba kowane kati mafi ƙarancinsa don kada a ci tara, duk abin da ya rage a tattara a kan kati ɗaya, in ya mutu a kwashe kasonsa gaba ɗaya a ɗora wa na gaba. Rigimar a kan jeri take. Ni na ce a fara da mafi tsadar ruwa, domin shi ne hanyar da ta fi rage asara, kuma lissafi yana bayana. Shi ya ce a fara da mafi ƙanƙanta.

Na ce, “Baban yara, ƙaramin nan ruwansa ya fi sauƙi. In muka fara da shi, babban yana can yana cin mu.”

Ya ce, “Na ji. Amma babban nan ko shekara muka yi muna sara ba za mu ga ya faɗi ba. Ni ina son in ga ɗaya ya mutu da idona, in san abin nan yana yiwuwa.”

Na zauna na lissafa hanyoyin biyu. Bambancin ruwan a halinmu bai kai yadda na zata ba, saboda ƙaramin katin ƙarami ne ƙwarai, 'yan watanni za su gama da shi. Sai muka yi sulhu: a kashe ƙaramin tukuna, daga nan a bi tsadar ruwa. Da bashin ƙaramin yana da yawa, ko tazarar ruwan tana da faɗi, da ban yarda ba. Amma na ga amfanin maganarsa ranar da katin farko ya nuna sifili. Mutumin da a da sai na ja shi zuwa teburin lissafi, shi ya fara tuna mini cewa gobe ranar zama ce.

Mun kuma kira bankunan. Mutane suna jin nauyin wannan, kamar roƙo ne, alhali ciniki ne. Na faɗa musu ba mu taɓa makara ba, muna ƙoƙarin rufe bashin, ko akwai rangwamen ruwa. Ɗaya ya ce babu, ɗaya ya ɗan sauke mana na wani lokaci. Wanda ya ga zai kasa biyan ko da mafi ƙaranci, gara ya kira tun kafin wa'adi ya wuce, domin bankuna da yawa suna da tsarin sassauci ga wanda ya shiga matsi, kuma sun fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa. Akwai kuma hanyar mayar da bashi kan sabon kati mai rangwamen ruwa na wasu watanni, wani lokaci ma babu ruwa sam. Ana cajin wani kaso, galibi 3 zuwa 5 cikin 100. A kan 10,000, kashi 3 shi ne 300 sau ɗaya, alhali tsohon katin yana cin 200 duk wata, ka ga riba a fili. Mun yi haka da wani ɓangare na babban katin, bayan mun raba adadin da yawan watannin rangwamen mun tabbata za mu gama kafin ya ƙare. Wanda bai yi wannan rabon ba, ko ya makara sau ɗaya rangwamen ya faɗi, ko ya ga tsohon katin ya zama fanko ya sake cika shi, ya wayi gari da bashi biyu.

Tsakiyar tafiyar ita ce mafi wuya, kuma babu abin ba da labari a cikinta sai gajiya. Ɗokin farko ya wuce, ƙarshe bai bayyana ba. Abu biyu suka riƙe mu. Na farko, kowannenmu yana da ɗan kuɗin aljihu a kasafi da ba a tambayarsa me ya yi da shi. Kaɗan ne, amma ya hana zaman lissafi komawa zaman kotu. Kasafin da ya hana mutum sayen ɗan abin da ransa yake so gaba ɗaya, wata uku ya yi yawa ya rushe. Na biyu, mun daina ɓoye wa makusanta halin da muke ciki. Ba mu faɗi adadi ba, mun dai ce muna fama da biyan bashi, ga abin da za mu iya bayarwa, kuma mun ware masa layi a kasafi. Wasu sun fahimta, wasu sun ɗan ja baya, daga baya suka dawo.

Duk kuɗin da ya shigo ba a cikin lissafi ba, kamar alawus na ƙarshen shekara ko kuɗin wasu kayan da muka sayar, mukan cire ɗan kaɗan mu faranta wa yara, sauran ya wuce kan kati a ranar, kafin a fara yi masa mafarki. Akwai watan da motar ta buƙaci babban gyara, ya cinye asusun hidimomi kaf har ya nemi ƙari. A wannan watan mafi ƙaranci kawai muka ba katunan, muka cike gyaran da ragowar. Bashin bai ragu sosai ba, amma bai ƙaru ba, ambulan ɗin ƙasan akwati kuma ba a buɗe shi ba. Wata biyu na gaba muka raba ƙarfi tsakanin cike asusun da biyan kati, sannan muka koma kan adadinmu.

Abin ya ɗauke mu fiye da shekara biyu. A ƙarshe tafiyar tana sauri, saboda kason katuna biyu da suka mutu ya haɗu a kan na ukun, ruwan kuma ya ragu har kusan duk abin da muka biya uwar kuɗi yake ci. Amma akwai wani ɗan tarko a bakin ƙofa. Na biya adadin da ke takardar lissafi cif, wata mai zuwa sai ga wata takardar da ɗan canji a kai. Ruwan kwanakin da ke tsakanin ranar da aka buga takardar da ranar da kuɗina ya isa ne. Ba yawa, amma wanda ya ɗauka ya gama ya daina duba takarda, wannan ɗan canjin zai ja masa tarar makara. Wanda zai yi biyan ƙarshe ya tambayi banki adadin rufewa na wannan ranar, sannan ya duba takardar wata biyu masu zuwa.

Katuna biyu mun rufe su, musamman da yake ɗaya yana da cajin shekara. Mun bar mafi daɗewa a buɗe, domin a ƙasashen da ake ajiye tarihin bashin mutum, rufe duk katuna lokaci ɗaya yana iya rage masa makin da bankuna suke auna amincinsa wajen biyan bashi da shi, ranar da zai nemi rancen gida. Muna biyan kuɗin intanet da shi, an saita asusunmu ya biya duka da kansa kafin wa'adi. Adadin da muke ba katunan a da bai koma cefane ba, yana fita ranar albashi kamar yadda ya saba, sai dai yanzu asusun ko-ta-kwana yake shiga, kuma burinmu ya kai abin da zai riƙe gidan wata uku zuwa shida in aiki ya sake tsayawa.